Zaman Iyali: Iyaye Masu Yi Wa 'Ya'yansu Ma'aikata Hidima

A watan jiya mun yi magana a kan hakkin da yake wuyan 'ya'ya na lura da iyayensu sa'ad da ƙarfi ya ƙare. A wannan wata za mu duba ɗaya gefen, watau hidimar da iyaye suke yi wa 'ya'yansu waɗanda suka riga suka girma, suka yi aure, suna aikin albashi. Abin ya cika gidajenmu, amma ba safai ake yin wa'azi a kansa ba.

Mu da muke koyarwa a makarantun ekklesiya muna ganinsa kullum. In aka kaɗa ƙararrawar tashi, da yawa cikin masu jiran yara a bakin ƙofa masu furfura ne. Ga tsohon malami wanda ya yi ritaya yana riƙe da lema, ga kaka da goyo a baya tana neman jikanta na aji ɗaya. In ka je tasha da sassafe a Kafanchan, ko Zonkwa, ko Pankshin, ko Biu, za ka tarar da uwa ta tsare direba sai ya ɗaure buhun da ta kawo a gabanta. Cikinsa akwai acca, da tsakin masara, da daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, an kuma rubuta lambar wayar 'yarta a jikin buhun. In ka zaga bayan gari inda ake sababbin gine-gine, za ka ga dattijo zaune a inuwa yana ƙirga bulo da buhunan siminti, gama mai ginin yana Abuja ko Legas, ba ya zuwa sai ƙarshen wata.

Yadda aka zo nan

Waɗansu sukan ce 'ya'yan yanzu ragwaye ne, shi ya sa ba su iya riƙe gidajensu sai da iyaye. Kafin mu yarda da wannan, bari mu yi ɗan lissafi.

A dā gida babba ne, hannuwa kuma da yawa. In mace ta tafi gona ko rafi, akwai matar wa, akwai ƙanwar miji, akwai 'yar yarinya mai reno. A shekarar 1976 gwamnati ta soma ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, sai yaran nan masu reno suka shiga aji. Mu masu bi mun fi kowa murna, gama mun daɗe muna roƙon iyaye su sa 'yan mata a makaranta. 'Yan matan nan su ne kakanni a yau, 'ya'yansu kuwa su ne malamai, da ma'aikatan asibiti, da na banki, da na gwamnati waɗanda muke magana a kansu. Addu'armu ce Allah ya amsa, amsar kuwa ta zo da nata ɗawainiya.

Aiki ba ya zama inda aka haifi mutum. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaura zuwa Abuja a 1991, 'ya'yanmu da yawa suna can. Ƙaramin ma'aikaci ba ya iya biyan haya a tsakiyar birnin, sai ya zauna a Nyanya, ko Mararaba, ko Masaka. Yakan fita kafin gari ya waye, ya dawo bayan faɗuwar rana saboda cunkoson motoci. Makarantar yara tana tashi da rana, ofis kuwa sai ƙarfe 4. Wa zai tsaya a tsakanin?

Ga kuma batun haihuwa. Dokar ƙwadago ta ba mace ma'aikaciya hutun mako 12, watau 6 kafin haihuwa da 6 bayanta. Gwamnatin tarayya tana ba nata ma'aikata mako 16, a 2021 kuma ta amince a ba maza kwana 14. Amma ma'aikatan lafiya suna cewa a ba jariri nono zalla har wata 6. Kowa ya iya ƙirge ya ga hutun yana ƙarewa alhali yaron yana bukatar hannu dare da rana.

Sai kuɗi. Mafi ƙanƙantar albashi da doka ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata, bayan da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota da na abinci suka hau. Wanda albashinsa bai yi nisa da wannan ba, da me zai biya babbar mace ta lura masa da gida? Tsohuwar hanyarmu ita ce a ɗauko 'yar yarinya daga ƙauye. Dokar hakkin yara ta 2003 ta hana a sa yaro aikatau a gidan da ba na danginsa ba. Ko da babu doka ma, bai dace da mai bi ya cire 'yar wani daga makaranta domin nasa 'ya'ya su tafi ba. To, da aka rufe waɗannan ƙofofi, wa ya rage? Sai Baba da Mama.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Kada wani ya ɗauka sabon abu ne, ko abin kunya. A cikin 1 Sama'ila sura 17, Yesse ya tsufa, manyan 'ya'yansa uku suna bakin aikin soja a wurin Saul. Bai ce ai sun girma, su nemi abincinsu ba. Ya haɗa soyayyen hatsi da malmalar gurasa goma, ya ƙara da curin cuku goma domin shugabansu, ya aiki Dawuda ya kai, ya kuma kawo masa labarin lafiyarsu. Wannan da buhun accar da ake ɗaurawa a tasha duk ɗaya ne. Na'omi ma, sa'ad da Rut ta haifi Obida, ita ta ɗauke shi ta yi renonsa, daga wannan yaro kuwa aka sami Yesse da Dawuda.

Amma wanda muke so mu zuba wa ido shi ne Yetro, surukin Musa, a Fitowa sura 18. Sa'ad da aikin Musa ya yi nauyi, matarsa Ziffora da 'ya'yansa biyu suna gidan Yetro. Da lokaci ya yi, Yetro ya kawo su da kansa, ya mayar wa mai su. Kashegari ya ga Musa yana shari'a tun safe har yamma shi kaɗai, sai ya faɗa masa a fili cewa zai gajiyar da kansa da jama'a, ya ba shi shawara ya zaɓi amintattun mutane su ɗauki ƙananan shari'u. Bai karɓe kujerar Musa ba. Da ya gama, ya koma ƙasarsa. Ga abu uku a nan: taimakonsa yana da farko yana da ƙarshe, maganarsa a fili take, gidan kuwa ya bar wa mai gida. A gidajenmu taimakon yana nan a yalwace. Waɗannan uku ne suka yi mana ƙaranci.

Inda abin yake lalacewa

Mun gaji kunya da kara, abubuwa ne kuwa masu kyau. Su ne suke hana ɗa ɗaga murya a gaban mahaifinsa, su suke sa suruka ta durƙusa ta gai da uwar miji. Amma a wannan sha'ani su ne suke rufe bakin kowa, har abin alheri ya zama abin guna-guni.

A ce uwa ta tafi birni jego. An ce mata ta zo, ba a ce mata har yaushe ba, ita ma ba ta tambaya ba. Kwana arba'in ya wuce, hutun 'yarta ya ƙare, wa zai riƙe jariri? Sai ta zauna. Damina ta faɗi, gonarta ta gyaɗa ba a shuka ba. Tsohon mijinta yana gida shi kaɗai, yana cin abincin maƙwabta. Awakinta suna hannun wani. A Zumuntar Mata ta garinsu an gaji da jira an naɗa wata a gurbinta. A birni kuwa ranar Lahadi ita ake bari da yara, ko kuwa ta je sujadar da ake yi da harshen da ba ta ji sosai. Gwiwa tana ciwo, maganin hawan jini ya ƙare tun makon jiya, ba ta faɗa ba don ta ga yadda suke fama da kuɗi. In aka ce, “Mama, yaya gajiya?” sai ta ce, “Ba gajiya, 'yata.” 'Yar kuwa ta ɗauki maganar kamar yadda aka faɗa, gama ita ce ta fi mata sauƙi. Kafin a farga an yaye wannan, an sami cikin wani, shekara biyu ta wuce. Ba wanda ya yi niyyar mugunta, amma an raba tsofaffi biyu waɗanda suka yi alkawari a gaban Allah za su zauna tare, an kuma mai da uwa mai aikatau marar albashi marar hutu.

Na uba ma haka yake. Ɗa ya aiko da kuɗin siminti buhu ashirin bisa ga farashin da ya sani wata uku da suka wuce. Uban ya je kasuwa ya tarar kuɗin ba su kai ba. Kunya ta hana shi gaya wa ɗan da ya haifa cewa a ƙaro, kada a zaci yana neman wani abu, sai ya cika daga fanshonsa. Ko kuwa ya sayi abin da kuɗin suka iya saya, bai rubuta ba, bai faɗa ba. Ranar da ɗan ya zo ya ƙirga, sai zato ya shiga zuciya, shi ma ya kasa tambaya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Akwai kuma gefen da mu iyaye ba mu son ji. Wani taimakon yana zuwa da igiya a gindinsa. Uban da aka ce ya duba gini sai ya sa magina su juya ƙofa, su ƙara ɗaki, domin shi haka ya ga ya fi kyau. Uwar miji da aka kira ta riƙe jika sai ta karɓe madafa, ta soma auna wa matar gida mai da gishiri, tana kai ƙara wurin ɗanta da dare. In aka yi ɗan saɓani sai a ji, “Duk wahalar da nake sha muku?” Daga ranar da aka faɗi haka, kyauta ta zama bashi. Littafin Farawa ya koya mana cewa mai aure yakan rabu da mahaifinsa da mahaifiyarsa domin ya kafa nasa gida da matarsa. Buhun masara ba ya soke wannan.

A kan jariri ne wannan shiru ya fi haɗari. Kaka ta reni yara takwas, ta san abin da ta sani. Amma waɗansu abubuwan da aka saba dā an gane suna cutarwa. Jariri ba ya bukatar ruwa ko tsimi kafin wata 6, nono ya ishe shi ko da zafi ake yi, ruwan da ba shi da tsabta kuwa yana kawo zawo. Cikin shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura mata da yawa suna kamuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka ga abin yana da alaƙa da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Mai jego ta ji wannan a asibiti, amma yaya za ta ce wa uwar mijinta a'a? Sai ta yi shiru ta sha, ko kuwa ta zubar a ɓoye, in aka gane ya zama raini.

Shawara ga 'ya'ya

Ku roƙa, kada ku aika kawai. Roƙo shi ne wanda ake iya amsa masa da a'a ba tare da an yi fushi ba. Ku kuma roƙi su biyu tare, gama Mama matar wani ce kafin ta zama kakar 'ya'yanku.

Ku faɗi ranar farawa da ranar gamawa. A ce, “Mama, muna roƙo ku zo ku zauna da mu daga bayan Kirsimati zuwa Ista, kafin ruwa ya sauka mu da kanmu za mu mai da ku gida.” In ranar ta zo, a cika alkawari ko da ba a gama shiri ba. In ana bukatar ƙari, a sake roƙo sabo.

Ku ambaci aikin da kuke so. Riƙe jariri da rana aiki ɗaya ne. Wanki, da cefane, da girkin gida duka, da kai yara makaranta, waɗansu ayyuka ne dabam. Da kun dawo daga ofis ku karɓi yaranku. Ranar allurar rigakafi, watau mako 6, da 10, da 14, da wata 9, ku nemi izini ku je da kanku in da hali, domin ku ji abin da ma'aikatan lafiya za su faɗa. In kuwa da Kaka za a je, ya fi kyau, gama abin da ta ji da kunnenta daga bakin nas ya fi wanda suruka za ta faɗa mata shiga.

Kada ku bar iyaye su kashe nasu. Kuɗin mota, da katin waya, da maganinsu, da ladan wanda zai nome gonar da aka bari, duk naku ne, a ba su tun ba su tambaya ba. In gini ne, ku saya wa Baba ɗan littafi, ku ce, “Baba, ku riƙa rubutawa domin magina su san akwai lissafi,” ku kuma tambayi farashi kafin ku aika kuɗi. Rubutu ba rashin amincewa ba ne. Bulus ma da zai kai gudunmawar ekklisiyoyi Urushalima bai yarda ya tafi shi kaɗai ba, domin kada a sami abin zargi.

Ku ba su Lahadinsu, ku nemo musu majami'ar da ake sujada da Hausa ko da harshensu, ku bar su su shiga Zumuntar Mata ta wurin. Kada ku gaskata “ba gajiya.” Ku dubi ƙafa ko ta kumbura, ku dubi kwalbar magani ko saura nawa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Kai kuma maigida, in mahaifiyarka ce ta zo, kai ne za ka yi magana da ita a kan abin da ya shafi tsarin gida. Kada ka bar matarka ta faɗi abin da daga bakinka ya kamata ya fito. Haka ke ma uwargida, in taki ce ta zo.

Shawara ga iyaye

Iyayenmu, muna magana da ladabi. Ku faɗi gaskiyar ƙarfinku. In kun ce, “Ɗana, zan iya ɗauko yara daga makaranta kwana uku a mako, sauran kwanakin ina da asibiti da taron dattawa,” ba ku yi rowa ba, kun ba shi abin da zai yi shiri a kai. Wanda ya ɓoye gajiyarsa har ya faɗi ya bar wa 'ya'yansa kaya biyu, ga yara ga jinya.

Ku tuna mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kun ga abin da bai yi muku daidai ba, ku faɗa sau ɗaya a fili, ga wanda ya kamata, kamar Yetro, sa'an nan ku bar musu. Abin da kuka gani a gidan 'ya'yanku kada ya zama labari a ƙauye. Kada kuma taimako ya taru a gidan ɗan da ya fi albashi, a manta da 'yar da take koyarwa a ƙauye, wadda watakila ita ta fi bukata.

Ku kuma lura kada taimakonku ya hana su girma. Ɗan da ya kai shekara 35, bai san farashin mudun masara ba, bai san inda ake biyan kuɗin wuta ba, domin Baba yana yi masa kome, ranar da Baba ya kwanta zai zama kamar baƙo a gidansa. Bulus ya gaya wa Galatiyawa su taimaki juna da kaya masu nauyi, a cikin sura ɗayan nan kuma ya ce akwai kayan da kowa zai ɗauka da kansa. Hikima ita ce a san wanne ne wanne.

In kuwa jiki ya ƙi, ko hali babu, kada zuciyarku ta kāshe ku. Kun riga kun yi renonku. Wanda ba ya iya goyo yana iya addu'a. Bangaskiyar da Timoti ya tashi da ita, a wurin kakarsa Lowis ta fara zama, wannan kuwa aiki ne da ake yinsa ko a zaune.

Ga ekklesiya

Akwai ma'aikata a cikinmu waɗanda iyayensu sun rasu, ko suna nesa ƙwarai. Akwai kuma tsofaffi masu sauran ƙarfi waɗanda nasu 'ya'ya suna wata ƙasa. Sau da yawa a benci ɗaya suke zama, ba su san bukatar juna ba. Dattawa da shugabannin Zumuntar Mata suna iya haɗa su, a yi magana a fili a kan lokaci da ɗan abin hasafi. Fastoci kuma, sa'ad da kuke koya wa masu shirin aure, ku sa wannan batu a ciki. In kun ga wata uwa ta ɓace daga sujada wata shida an ce tana jego, ku je ku gai da mijinta, ku ga yadda yake.

Ga aikin da muke ba kowane gida a wannan wata. In akwai uba ko uwa da ke yi muku wata hidima, ku sami yamma ɗaya bayan addu'ar iyali, yara sun kwanta, ku yi godiya kuna ambaton aikin ɗaya ɗaya. Sa'an nan ku yi tambaya biyu: me ya fi ba ku wahala, har yaushe kuma za ku iya? Kada ku yi saurin karɓar amsa ta fari, gama ta kara ce. Ku dakata kaɗan, ta biyu tana zuwa.

Ubangiji ya ba iyayenmu ƙarfi da tsawon rai, ya ba 'ya'ya idon ganin wahalarsu, ya kuma sa salamarsa a gidajenmu. Amin. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.